Tudun Wanduna

Tun kafin in haifi ɗana na fari maigidana yake ɗinka wa makarantar bayan tashar mota wandunan yunifom. Ni kuwa tun da aka kawo ni gidan nake riƙe da dutsen guga, don haka kar wani ya ce ban san sana'ar ba. Malam, maigidan nawa, yana kan keken ɗinki, Babba, wato ɗan namu na fari, shi ne mai yanka, ni ce mai guga da ninki, da faɗa idan faɗan ya kama. Shagon ɗaki ɗaya ne a jikin gidanmu, kekuna uku, teburin yanka, sai wata fanka da ta fi mu duka surutu.

A da abin ba wuya. Yaro ya samu shiga makaranta, uwarsa ta riƙo hannunsa zuwa shago, Malam ya tsayar da shi a jikin bango, ya dafa ƙugunsa da yatsu, ya ja ɗan layi da fensir a samansu. Sai ya gwada daga layin zuwa ƙasa ya faɗa wa mai yanka. Wandon mai roba ne, faɗinsa ɗaya, tsawo kaɗai ke bambanta. Layukan nan ba a taɓa goge su ba. Bakina har ya gaji da cewa a shafa wa bangon fenti, Malam yana ce mini gobe.

Sai aka kawo sabuwar shugabar makaranta, mace mai gilashi, ba ta da wasa. Ta ce ba ta son ganin sababbin ɗalibai suna yawo da kayan gida, ranar da yaro ya shigo ranar zai sa yunifom. Ke nan a ɗinka wando kafin a ga mai wando. Malam ya raba tsawon gida biyar, daga lamba ɗaya ta gajeru zuwa lamba biyar ta dogaye, inci biyu tsakanin kowace da mai bi mata. Ya ce adalci shi ne a ɗinka kowace lamba daidai da 'yar'uwarta. Adalcin nan ne ya kusa kai mu ƙasa. Ranar buɗe makaranta, kafin azahar lamba uku ta ƙare ƙaf, yara suka yi cirko-cirko, ga lamba ɗaya da lamba biyar tuli guda ba mai nema. Bara ma haka aka maimaita, don Malam in ya riƙe abu sai dai Allah.

Bana shugaba da kanta ta zo shagon. Ta gaishe shi cikin ladabi, ta ƙi zama.

"Baba tela, ina ganin girmanka, shi ya sa na zo da ƙafata. Ɗalibai ɗari biyu da arba'in muke jira. In yaro ɗaya ya koma gida ba wando, kamfani zan ba aikin daga nan gaba."

Malam ya ce to, ranki ya daɗe. Amma daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi. Ni na san abin da ke cin sa. Kullum idan an tashi makaranta yakan ajiye ɗinki ya fito bakin shago, yara suna wucewa yana bin ƙafafunsu da kallo, yana cewa, "Wannan nawa ne, wancan ma nawa ne, har na ubansa ni na ɗinka." Mutumin da ba ya zuwa ko'ina, ba shi da wani abin taƙama, wannan ne kaɗai. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, ko da yake ban fasa gaya masa cewa taurin kansa ne ya jawo ba.

Ana cikin haka 'yarmu Auta ta dawo hutu daga jami'a, inda take karatun ƙididdiga. Ta zo da wata kalkuleta mai kauri kamar sabulun wanki, maɓallai birjik, da ɗan allo a sama wanda har zane yake yi. Babba ya juya ta gaba da baya ya ce, "To ina wurin sa layin kira?" Ta fizge abinta ta ce ba sa'arsa ba ce. Haka suke tun suna ƙanana.

Wata safiya ta kawo mana ruwa shago, sai ta tsaya ta ƙura wa bangon ido, har na ce ko ƙadangare ta gani.

"Baba, ka lura tsakiyar bangon nan ya yi baƙi ƙirin, sama da ƙasa kuma layin tsilla-tsilla ne?"

Na ce, "Datti ne, shekara nawa ina faɗa."

"Ba datti ba ne, Mama, yara ne. Kowane layi yaro ɗaya. Bangon nan ya san yaran makarantar fiye da shugabarsu."

Ta sa yayanta ya riƙe mata tef, yana riƙewa yana mita. Ta bi bangon inci-inci tana ƙirga layukan da suka faɗa cikin kowane inci, tana zuba wa kalkuletar. Wuni guda ta yi a durƙushe, gwiwoyinta suka yi fari fat. Da ta gama ta danna wasu maɓallai, na'urar ta ba ta abu biyu: matsakaicin tsawo, da kuma yadda yara ke bazuwa sama da ƙasa daga matsakaicin. Ta sake dannawa, sai ga wani layi yana tafiya a kan allon a hankali, ya taso daga hagu, ya hau, ya yi ƙololuwa, ya gangara dama.

Babba ya ce, "Duk wahalar nan don ki zana mana tudu?"

"Tudun nan shi ne bangon, Yaya, kwantar da shi kawai aka yi. Inda ya yi tsayi, nan yara suka fi yawa. Yanzu in na gaya mata inda lamba uku ta fara da inda ta tsaya, za ta faɗa mini yiwuwar yaron da zai shigo ƙofa ya zama mai lamba uku."

Ta ba na'urar abu huɗu, farkon lambar, ƙarshenta, matsakaicin, da bazuwar. Tsakiyar tudun ya yi duhu a kan allon, wani adadi ya fito a ƙasa. Ta ce talatin da takwas ke nan cikin ɗari, da ɗan ɗoriya. Ta buga shi da ɗari biyu da arba'in, ya ba ta casa'in da biyu. Haka ta bi sauran: lamba biyu da lamba huɗu hamsin da takwas kowace, lamba ɗaya da lamba biyar goma sha shida kowace.

Malam ya zaro ido. "Lamba ɗaya sha shida kacal? Gajerun garin nan ƙaura suka yi?"

"Suna nan, Baba, ba su da yawa ne kawai. Ka dubi ƙasan bangonka."

Ya tashi ya je ya dubi bangon, ya dawo ya dubi allon, ya sake komawa. Ni ina guga ina satar kallonsa. Can ya ce, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Babba, ɗauko yadi." Wallahi na ji daɗi har na kusa ƙona wandon mutane.

Auta ta rubuta tsawon kowace lamba da adadinta da alli a gefen teburin yanka. Daga nan aiki ya kankama. Almakashin Babba bai huta ba, keken Malam yana kuka tun safe, matar Babba ta hau ɗaya keken, Auta tana zura roba, ni ina guga ina jerawa. Rabon da in ji Malam yana ɗinki yana 'yar waƙarsa a hanci har na manta. Tulin lamba uku ya yi ta hawa har ya wuce taga, na lamba ɗaya kuwa ko gwiwata bai kai ba.

Ranar buɗe makaranta muka kai kaya da sassafe. Aka ba mu baranda kusa da ofis, da dogon tebur, da labule a kusurwa don gwaji. Yaran ba lokaci ɗaya suke zuwa ba, kowa sai an yi masa rajista a ofis sannan ya biyo ta wurinmu, haka za a yi ta yi har yamma. Malam ya sa babbar rigarsa mai kyau, tef a wuya.

Yaro na farko ya zo, Malam ya gwada shi ya ce lamba uku. Ya shiga bayan labule, ya fito yana jan ƙafa, wandon ya rufe takalminsa yana sharar baranda. Uwarsa ta tuntsire da dariya. Muka ce watakila an yi kuskuren tuli ne. Na biyu ya fito riƙe da wando a hannu biyu kamar mai tsallake ruwa. Na uku ya taka bakin nasa, saura kaɗan ya ci da baka. Na ɗaga kai sai ga shugaba a ƙofar ofis tana kallonmu ta saman gilashi.

Malam ya ɗauki wando ɗaya ya shimfiɗa, ya gwada. Ya ɗauki wani daga wani tulin. Duk inci biyu suka wuce.

"Babba, me ka ƙara a yankan nan?"

"Yatsa uku na kalmasa mana, Baba. Wane tela ne zai yanka ba rarar kalmasa?"

"Da nake faɗa maka awo ka taɓa ƙarawa?"

"Naka awon tela ne, na san ka riga ka sa. Wannan kuwa Auta ce ta rubuta, ita ba tela ba ce, na ɗauka awon jiki ne tsura."

Malam ya dafe kai. "Awon bangona ne ta kwasa! Layin nan a saman yatsuna uku nake jansa, kalmasar tana ciki."

Auta ta ce, "To ni ina zan sani? Ba wanda ya gaya mini."

Gaskiyarta. Uban ya ƙara nasa a bango shekara da shekaru, ɗan ya ƙara nasa a tebur, kowa yana ganin ya kyauta wa sana'a. Ni kuma da idona na sha ganin yatsun nan a ƙugun yara, amma bakin nan nawa da ba ya hutawa, ranar da ake bukatarsa bai ce uffan ba.

Babba ya ce a kwashe duka a mayar shago a rage. Na ce ya ƙirga ƙafafun tukuna, kowane wando biyu gare shi. Shugaba ta ƙaraso, ta ɗaga wando ɗaya da yatsa biyu ta ajiye.

"Baba tela, ni yau na ce."

Malam ya ajiye tef ɗin a kan tebur. Ban taɓa ganin tsufansa ba sai a lokacin, rigar ma kamar ta yi masa yawa. Na juya in nemi Auta, sai na gan ta zaune a kan matakala, kalkuleta a cinya, tana dannawa da sauri. Na kusa ce mata ba abin nan ne ya kai mu ya baro ba, Allah ya taimake ni na haɗiye.

Ta miƙe ta zo gaban shugaba ta ɗan rusuna. "Ranki ya daɗe, a duba nan."

Tudu biyu ne yanzu a kan allon, iri ɗaya sak, ɗaya ya ɗan gusa dama, sun hau kan juna.

"Wannan yaran ne, wannan kuma wandunan. Tudun bai lalace ba, gusawa ya yi, don duk wandunan ƙari ɗaya aka yi musu, kuma ƙarin daidai yake da tazarar lamba guda. Inda suka hau kan juna, waɗannan wandunan suna da masu su, sai dai a ba kowane yaro lambar da ke ƙasa da tasa. Wannan gefen da ya leƙo waje, su kaɗai za a rage."

Shugaba ta ce, "Guda nawa ne?"

Auta ta danna, gefen ya yi duhu. "Wajen casa'in da biyu. Duk 'yan lamba biyar, yawancin lamba huɗu, da wasu daga lamba uku. In muka fara yanzu, kafin gajerun su taru mun yi nisa. Amma za mu bar goma ba mu taɓa ba sai ƙarshe, don lissafi ne, ba duba ba."

Shugaba ta karɓi kalkuletar, ta cire gilashi ta kawo ta kusa da ido. Sai na ga gefen bakinta ya motsa. Ta ce, "Lissafi nake koyarwa kafin a ɗora mini ofis. A lokacinmu jadawalin lambobi muke bi a bayan littafi har ido ya yi ja." Ta miƙa mata abinta. "Kuna da lokaci har a tashi."

Ai kafin ta rufe baki Babba ya kai bakin ƙofar makaranta. Ya samo motar ɗaukar kaya ta maƙwabcinmu, aka loda kekuna uku da teburin yanka da matar Babba, aka sauke su a baranda. Malam ya tuɓe babbar riga ya rataye a taga, ya naɗe hannu. Keke na uku ba mai hawa, sai na ɗaure gyale a ƙugu na hau. Rabona da taka keke tun Auta tana goye, amma ƙafa ba ta mantuwa.

Auta ta tsaya a tebur da tef, ta gwada yaro ta miƙa masa lambar ƙasa da tasa, ya shiga ya fito wando ya zauna masa ɗas. Wanda nasa bai samu ba tukuna a ce ya jira a inuwa. Babba yana yanke ƙafafu, kafin ya sa almakashi sai ya ɗaga murya, "Baba, da kalmasa ko ba kalmasa?" Malam ya amsa, "Da ita, ja'iri!" Iyayen da ke jira suka ɗauki abin, duk lokacin da ya ɗaga almakashi sai su haɗa baki su tambaya tare da shi. Wata mata mai jiran ɗanta ta gaji da kallo ta zo tana juya mana wanduna, wata ta kama yanke zare. Mai gadi ya kawo mana ruwan sanyi a bokiti ba wanda ya aike shi. Baranda ta koma shago, hira ta ɓarke, har na samu labarin wata ƙawata da muka rabu tun muna 'yan mata, ashe jikanta ne mai taka bakin wandon nan.

Na lura da Malam, gumi yana bin gemunsa, amma 'yar waƙar ta dawo hanci. Duk yaron da ya fito daga labule sai ya ɗaga kai ya dubi ƙafarsa kafin ya ci gaba.

Rana ta yi sanyi, layi ya ragu. Lissafin Auta bai faɗa daidai cif ba, masu matsakaicin tsawo sun fi abin da ta ce da mutum uku, dogaye kuma sun zo da ƙarin ɗaya. Goman da aka ajiye su suka rufe wannan. Yaro na ƙarshe ɗan mitsitsi ne, ubansa ya makara da shi, ga wando ɗaya tak ya rage, mafi tsawo a cikin duka. Da aka kara masa a jiki sai da ya kai masa haɓa. Aka yi ta dariya har da uban. Malam ya ce kowa ya matsa, wannan shi zai yi da hannunsa. Ya gwada, ya yanke, ya kalmashe, ya cije zaren da haƙori. Yaron ya shiga ya fito, ya sa hannu a aljihu, ya dubi ubansa yana washe baki.

Aka kaɗa ƙararrawa, aka tara sababbin ɗalibai a fili. Muka tsaya a baranda muna kallo. Ɗari biyu da arba'in, layi-layi, ba ko ɗaya da kayan gida. Na dubi Babba da zare a gashinsa, na dubi Auta da ta rungume kalkuletarta a ƙirji, farin ciki ya cika ni har na rasa wanda zan yi wa faɗa.

Da aka sallami yara shugaba ta biyo ta wurinmu, muna ɗaure kekuna. Ta tsaya gaban Malam.

"Sannunku da aiki, Baba tela. Baɗi ɗalibai ɗari uku za mu ɗauka. Kuma ku zo da kekunan nan ko da wando bai yi tsawo ba, iyaye sun ji daɗin abin."

Ta wuce abinta. Malam ya ce, "Allah ya kai mu, ranki ya daɗe," amma sai da ta yi nisa muryar ta fito.

Yaranmu suka bi motar kaya, ni da shi muka taho a ƙasa, babbar rigarsa a kafaɗa. Muka wuce tashar mota. Can ya ɗan rage tafiya.

"Baɗi ta ce, ko?"

"Baɗi ta ce, Malam."

Muka ci gaba. Da muka kai kwanar layinmu ya sake tsayawa.

"Da kunnenki kika ji?"

Na buɗe baki zan ce masa kunnena ya fi nasa lafiya, sai na ga idonsa ya cika taf da ƙwalla, bakinsa kuma har kunne. Na karɓi rigar daga kafaɗarsa na riƙe masa.

Na ce, "Da kunnena na ji. Ɗari uku."